Gwajin lafiya da allurar ciwon hanta: amsa ga sabuwar ɗalibar aikin jinya

Wata yarinya da ta samu gurbin karatu a kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta aiko mini da tambaya. Ga maganarta a taƙaice: "Mama, an ba ni takardar shiga makaranta, an haɗo da jerin gwaje-gwaje: hoton ƙirji, gwajin ciwon hanta, na HIV, rukunin jini da na sikila, sannan wai sai na yi allurar rigakafin ciwon hanta. Kuɗin ya yi wa Babanmu yawa. Wani ya ce akwai inda za a rubuta mini takardar a buga hatimi a rana ɗaya, ba sai an ɗebi jinina ba. Ni kuma ina tsoron a gwada a ga wani abu a kore ni. Me kike gani?"

'Yata, barka da arziki, Allah ya sa ki fara a sa'a ki gama lafiya. Na daɗe ina aikin jinya, na kuma daɗe ina koyar da shi, kuma babu shekarar da ba na jin wannan tambayar. Sai dai galibi raɗa mini ita ake yi a kunne bayan an riga an sayi takardar. Ke da kika tambaya tun kafin ki aikata, kin yi wa kanki gata.

Kada ki sayi takardar nan. Ki je a ɗebi jininki da gaske, a ɗauki hoton ƙirjinki da gaske.

Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ce ke tantance makarantu, ta yi wa ɗalibai rajista, ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasisin aiki. Amma jerin gwaje-gwajen shiga kowace makaranta ce ke rubuta nata, shi ya sa za ki ga na ƙawarki da ke wata kwaleji ya ɗan sha bamban da naki. Ki bi na makarantarku baƙi da baƙi, kuma galibi daga asibitin gwamnati suke son takardar, da sa hannun likita. Makarantu da dama kan sake gwajin da kansu bayan an shiga, kuma duk wadda aka kama da takardar bogi korarta ake yi. To amma korar ce ƙaramar asara a wajena. Babbar asarar ita ce ki shiga ɗakin majinyata ba ki san halin da jininki yake ciki ba, ba ki da garkuwa, alhali takarda tana cewa kina da ita.

Bari in tsaya a kan ciwon hanta nau'in B, domin duk jerin nan babu wanda ya kai shi muhimmanci a gare ki.

Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar. Wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Ki ɗauki ɗakin kwanciya mai gado 24: a ƙiyasi akwai mutum biyu a ciki masu ita, kuma mafi yawansu su kansu ba su sani ba, don wani ciwon ne daban ya kawo su. Ba a gane ta a fuska. Mutum zai yi shekara ashirin ko talatin garau, tana cin hantarsa a ɓoye, sai rana ɗaya ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce hanta ta ƙeƙashe ko daji ya kama ta.

Ɗalibai HIV suke tsoro, kuma ba laifi ba ne su ji tsoronsa. Amma ga lissafin. In allurar da aka yi wa mai HIV ta soke ki, yiwuwar ki kamu wajen 3 ne cikin 1,000. In mai ciwon hanta nau'in C ne, wajen 2 cikin 100. In kuwa nau'in B ne, kuma ƙwayar tana da yawa a jininsa, ke kuma ba ki da rigakafi, yiwuwar tana iya kaiwa 30 cikin 100. Ninki ɗari ke nan a kan HIV. Ƙwayar kuma tana da taurin rai: busasshen jini a kan tire, ko almakashi, ko ƙarfen gado, yana iya riƙe ta da ranta har kwana 7. Cikin cututtukan nan uku kuwa ita kaɗai ce ke da allurar rigakafi, kuma allurar tana aiki sosai: fiye da tara cikin goma na matasa masu lafiya suna samun garkuwa bayan sun kammala ta.

Allurar sau uku ce. Ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku wata shida daga ta farko. Yanzu ki auna da tsarin karatunku. Watannin farko a aji za ku yi su da ɗakin gwaji da 'yar tsana, kuna koyon gyaran gado da auna zafin jiki da bugun jini. Daga nan sai a fara tura ku asibiti, abin da ɗalibai ke kira fostin. A makarantu da yawa tsakanin ranar shiga da ranar fara fostin bai wuce wata shida ba. Kin ga in kika jira sai an sa muku hula, wato bikin fara shiga asibiti, kafin ki fara allurar, za ki yi watanninki na farko a ɗakin majinyata, lokacin da hannunki bai faɗa ba kuma allura ta fi sukar mutum, ba ki da cikakkiyar garkuwa. Tun ran gini tun ran zane. Ki fara a makon nan, kafin ma ki ɗinka kayan makaranta. In lokaci ya riga ya ƙure, ki gaya wa likita, akwai tsarin gaggawa na yau, bayan wata ɗaya, bayan wata biyu, sai ta huɗu a cika shekara.

Akwai ƙananan abubuwa game da allurar nan da nake so ki riƙe, don na sha ganin an yi kuskure a kansu. A damtse ake yi wa babba, ba a mazaunai ba, don kitsen wurin yana rage mata aiki. A firji ake ajiye ta, amma ba ta son ƙanƙara. In ta daskare ta lalace. Saboda haka kada ki saya a kyamis ɗin da ba ki san yadda ya adana ta ba, ki je asibiti ko cibiyar rigakafi. In kika makara wajen ta biyu ko ta uku, ba a komawa farko, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya. Sannan gwaji ake fara yi kafin allura. Dalili biyu ne: allurar ba ta amfanar wanda ya riga ya kamu, sai dai ta sa ya saki jiki ya ƙi neman kulawa, kuma in aka yi miki allurar aka gwada jininki cikin mako biyu zuwa uku, gwajin yana iya nuna kamar kina da cutar alhali ba ki da ita. Na taɓa ganin yarinya ta kwana uku tana kuka a kan irin wannan sakamakon, ashe allurar ce da aka yi mata mako guda kafin gwajin.

Wata ɗaya zuwa biyu bayan allura ta uku, akwai gwajin da ake auna garkuwar da jiki ya yi, sunansa anti-HBs. In ya kai 10 ko ya haura, kin samu kariya. In bai kai ba, sai a sake miki allurar a sake aunawa. Makarantu kaɗan ne ke tambayar wannan gwajin, kuma ba shi da araha, amma in kin samu hali ki yi shi ko sau ɗaya ne a rayuwarki ta aiki. Ranar da allura ta soke ki, wannan 'yar lambar ce za ta sa ki iya barci.

Za ki iya cewa ai an yi miki rigakafi kina jaririya. Mai yiwuwa ne. A 2004 aka shigar da allurar ciwon hanta cikin rigakafin yara a Najeriya, a 2012 kuma aka haɗe ta cikin allurar nan mai maganin cuta biyar. Amma ki tuna shekarun da aka haife ku shekaru ne da mutanenmu suka ja baya da rigakafi, musamman bayan taƙaddamar foliyo ta 2003 da 2004. Binciken lafiya na ƙasa na 2008 ya nuna yaran da suka kammala rigakafinsu a arewa maso yamma ba su kai ɗaya cikin goma ba. Don haka maganar "ina jin an yi miki" ba ta isa ba. In Mamanki ta adana katin, ki ɗauko ki nuna wa likita, zai auna garkuwarki ya ga ko ƙari ɗaya ya ishe ki. In babu kati, ki yi ukun daga farko, ba ta cutarwa.

Yanzu sai tsoronki: in aka gwada aka ga kina da ita fa?

Da farko, ba abin kunya ba ne, kuma ba shaidar wani mugun hali ba ce. A ƙasarmu mafi yawan masu ita tun suna yara suka samu: daga uwa wajen haihuwa, ko a wajen wasa da 'yan'uwa ta hanyar ƙurji da rauni, ko askar wanzami wajen cire beli da kaciya da shasshawa, ko allurar da aka yi da sirinjin da ba sabo ba. Ba a ɗaukar ta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha, ko gumi, ko kwana a ɗaki ɗaya. Ina nanata wannan domin na ga ɗalibai sun ware wa 'yar'uwarsu kofi da cokali a ɗakin kwana, kuma masu koyon aikin lafiya ne.

Na biyu, sakamakon farko mafari ne kawai. Likitan hanta zai sa a auna yawan ƙwayar a jini, a duba lafiyar hantar da gwajin jini da hoton ciki, a maimaita bayan wata shida. Wasu ba sa buƙatar magani, sai dai a riƙa duba su lokaci-lokaci. Masu buƙata kuwa akwai tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, tana danne cutar har gwaji ya kasa ganinta. Ki guji masu sayar da jiƙo da sassaƙe da sunan wankin hanta, da yawa ƙara wa hantar wahala suke yi. Za a kuma gwada 'yan gidanku a yi wa marasa ita rigakafi, haka wanda za ki aura, kuma ranar da kika haihu a yi wa jaririn allura cikin awa 24.

Na uku, karatu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2012 cewa ɗauke da ciwon hanta nau'in B shi kaɗai ba dalili ba ne na hana mutum karatun aikin lafiya ko yin aikin. Inda ake sa ido shi ne manyan ayyukan tiyata, waɗanda yatsun mai aiki da abu mai kaifi ke haɗuwa a cikin jikin majinyaci inda ido ba ya gani, kuma ko a nan yawan ƙwayar a jini ake dubawa. Allura, ƙarin ruwa, wankin ciwo, ba da magani, duk ba sa cikin wannan. Ba zan ɓoye miki ba, akwai makarantun da har yanzu suke ɗaure fuska in sun ga irin wannan sakamakon, kuma a ganina kuskure suke yi. In hakan ta faru, ki nemi rahoton likitan hanta a rubuce, ki kai wa hukumar makaranta tare da waliyyinki, ki nemi su ba ki hukuncinsu a rubuce. Takardar gaskiya da rahoton ƙwararre suna ba ki ƙafar tsayawa. Takardar bogi kuwa ranar da aka gano ta, babu wanda zai iya tsaya miki, har ni.

Game da HIV, akwai dokar ƙasa ta 2014 da ta haramta nuna wa masu ɗauke da ƙwayar wariya a makaranta da wurin aiki. Gwajin da yardarki ake yin sa, da bayani kafin da bayan, kuma sakamakon sirrinki ne tsakaninki da ma'aikacin lafiya, ba na a karanta a ofishin rajista ba. Amfaninsa a gare ki shi ne ki san matsayinki tun kafin ki fara taɓa jini.

Hoton ƙirji saboda tarin fuka ne. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu shi a duniya, ku kuma za ku kwana mutum shida ko takwas a ɗaki, ku zauna aji ɗaya, sannan ku je kan jarirai da masu raunin garkuwa. In an ga alama a hoton, kaki za a gwada, kuma maganin wata shida ne, kyauta, ana warkewa sarai a koma karatu. Bayan kin shiga ma, duk tarin da ya kai mako biyu, ko gumin dare, ko rama ba dalili, ki je a duba ki. In akwai yiwuwar kina da juna biyu, ki faɗa kafin a ɗauki hoton.

Tun da na ambaci juna biyu: wasu makarantu suna gwajin ciki, kuma kowacce da dokarta a kan matan aure, sai ki karanta ta makarantarku. Ta fuskar lafiya dai, allurar ciwon hanta da ta sandarau (tetanus) ba sa cutar da ciki, amma ta ƙyanda da ta shawara ba a cika yi wa mai ciki ba sai da shawarar likita.

Allurar sandarau ta yanzu haɗe take da ta mashaƙo, kuma kada ki raina ta. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta fi tsanani a Kano, ta kwashe yara da yawa, kuma mafi yawan waɗanda ta kama ba su da cikakken rigakafi. Kyauta ake yi wa mata masu shekarun haihuwa a ƙananan asibitoci, sau biyar a jere cikin 'yan shekaru. Ta shawara sau ɗaya ce a rayuwa. Ta sanƙarau kuwa duk lokacin da aka zo yi a unguwarku ko makarantarku ki miƙa hannu, kin san yadda yake yi mana a watannin zafi, balle a ɗakin kwana mai cunkoso.

Rukunin jini da gwajin sikila ba na tsayawa a kansu sosai. In AS ce ke, babu abin da ya shafi karatunki, sai maganar aure. In SS ce, na koyar da masu shi kuma sun gama suna aiki, amma sai malamai sun sani domin a duba yanayin aikin dare da tsayuwa mai tsawo, ke kuma ki riƙe ruwa da gidan sauro. Haka asma, farfaɗiya, ciwon suga, ko ƙaiƙayin da safar hannu ta roba ke sa wa wasu. Ki rubuta gaskiya a fom. Wanda ya san ciwonki shi zai iya taimakonki ranar da ya tashi a tsakiyar dare.

Maganar kuɗi kuwa, ki gaya wa Baba abin bai kai yadda yake gani ba in an bi shi daki-daki. Gwajin HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati, haka gwajin kaki, haka allurar sandarau. Gwajin farko na ciwon hanta ba shi da tsada, kuma a ranar 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, asibitoci da ƙungiyoyi kan yi shi kyauta ko da rangwame. Allurar manya ce ake biya, amma ba a rana ɗaya ake biyan ukun ba. Akwai kwalba mai ɗaukar mutum goma. In kuka haɗu ku goma 'yan aji ɗaya kuka je ta asibitin makaranta, kuɗin kowa zai ragu. In dole sai an jinkirta wani abu, a jinkirta takalmi na biyu da sabuwar jaka.

Sauran sharuɗɗan ba a takarda suke ba, a hannunki suke, kuma su ne za a riƙa duba ki a kansu kullum.

Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da marfi. Daga jikin majinyaci sai cikin kwalin allura, kwalin nan mai ruwan ɗorawa, kuma ki kawo shi kusa da ke tun kafin ki fara. In ya cika kashi uku cikin huɗu a rufe shi, ba a dannawa da hannu don a samu wuri. Ba a barin allura a kan katifa, ko a soke ta a jikin ledar ƙarin ruwa, ko a sa ta a aljihu. Za ki ga manya suna mayar da marfi da hannu biyu cikin sauri, shekara ashirin suna yi. Kada ki koya. Ba sai kin yi musu gardama ba, ke dai ki yi naki daidai.

In kuma ta soke ki, ko jini ya fantsar miki a ido ko baki, ga abin yi. Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu. Kada ki matse, kada ki tsotsa, kada ki zuba bilic. Ido da baki ruwa mai yawa ake sa musu. Sannan nan take, ba bayan an tashi aiki ba, ki gaya wa Sista mai kula da ɗakin. Za a nemi yardar majinyacin a gwada shi, a gwada ki, in akwai buƙata a ba ki maganin kariya daga HIV. Kwana 28 ake sha, kyauta ne a sashen masu karɓar maganin HIV, kuma dole a fara shi cikin awa 72. Cikin awannin farko ya fi aiki. In ba ki da garkuwar ciwon hanta, akwai wata allura ta musamman da ake so a yi cikin awa 24, mai tsada ce ƙwarai kuma ba ko'ina ake samunta ba, wanda wannan ma dalili ne na ki gama ukunki da wuri. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma yanzu ana warkar da shi da maganin mako 12 in an gano.

A wani asibiti da na yi aiki, wata ɗaliba 'yar shekarar farko allura ta soke ta a daren Alhamis tana kwashe tire bayan an sa wa wani kanula, ɗan bututun nan da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa. Tsoron faɗa ya sa ta yi shiru, don an taɓa yi mata tsawa a gaban majinyata. Sai ranar Litinin ta zo mini tana rawar jiki. Awa 72 ta wuce. Majinyacin kuwa yana da HIV, yana rubuce a fayil ɗinsa. Watanni muka yi muna gwada ta, ta rame, ta kasa karatu, ta faɗi jarrabawa ɗaya. Allah ya tsare ta, ba ta kamu ba. Amma har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma ba ita nake zargi ba. Mu manya ne muka sa yara suna tsoron bakinmu fiye da cuta. Ke dai ki riƙe wannan: ko za a yi miki faɗa, ki faɗa. Faɗan minti biyar ne.

Wanke hannu lokaci biyar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade: kafin ki taɓa majinyaci, kafin aiki mai buƙatar tsafta kamar allura ko wankin ciwo, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, da sanitaiza 20 zuwa 30. Ɗalibai kan tambaye ni hukuncin sanitaiza saboda sinadarin da ke ciki. Asibitocin Makka da Madina ma da shi suke aiki, shafawa ake yi ya bushe, ba sha ba. Safar hannu ba ta maye wankin hannu, kuma ba a yawo da guda ɗaya daga gado zuwa gado. Farce a yanke, zobba da awarwaro da agogon hannu a bar su a ɗaki. Hijabinki ya zama gajere wanda ba ya lilo a kan ciwo ko tire, ki riƙa wanke shi kamar yadda kike wanke rigar aiki, hannun riga kuma ya zama wanda za ki iya naɗewa ki wanke har gwiwar hannu. Takalmi rufaffe, don allura da kwalba suna faɗowa. Kayan aiki kuma ba a shiga kasuwa da su, ba a ɗaukar ƙannenki da su kafin ki sauya.

In kina ganin abin ya yi yawa, ki tuna yadda aka san zazzaɓin Lassa. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan, Laura Wine, ta kwanta ciwo a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos ta rasu. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku ta sha da ƙyar. Shekara guda bayan haka likitar asibitin na Jos, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ita ma ta tafi. A watan Janairun 2020 a Kano, likitoci biyu sun rasu bayan aikin tiyatar wata mai juna biyu da ba a san tana da cutar ba. A Legas a 2014 Ebola ta ɗauki Dokta Stella Adadevoh da ma'aikaciyar jinya Justina Ejelonu. Duk waɗannan ƙwararru ne. Abin da ya haɗa su shi ne majinyacin ya zo kamar mai zazzaɓin da aka saba gani. Shi ya sa ƙa'idar aikinmu ita ce kowane jini da kowane ruwan jiki a ɗauke shi a matsayin mai cuta, ko na wane ne, ko da ɗan'uwanki ne. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, musamman da rani, ki sa safar hannu da takunkumi, ki ja hankalin na gaba da ke.

Za ki tarar wata rana babu safar hannu a ɗakin, ko babu ruwa a famfo. Wannan gaskiyar asibitocinmu ce. Ki riƙa ajiye 'yan safar hannu da ƙaramar kwalbar sanitaiza a aljihunki. Kuma ɗaliba tana da damar ta ce, cikin ladabi, "Sista, ba ni da safar hannu," ko "Sista, ba a koya mini wannan ba tukuna, a tsaya a kaina." Ba rashin kunya ba ne. Ki koyi haɗa ruwan bilic: irin Jik mai ƙarfin 3.5 cikin ɗari, awo ɗaya a awo shida na ruwa, shi ne na goge jinin da ya zuba, kuma kullum sabo ake haɗawa. Ki san launin kwandunan shara, baƙi na sharar yau da kullum, ruwan ɗorawa da ja na abin da ya taɓa jini da cuta. Ɗaga majinyaci kuwa ba a yin sa ke kaɗai, ki durƙusa da gwiwa ba da baya ba; ma'aikatan jinya da yawa ciwon baya ne ya raba su da aikin tun ba su tsufa ba.

Wayarki ta zauna a jaka. Ban da ƙwayoyin cuta da take kwasa, hoton majinyaci ko fayil ɗinsa a WhatsApp ko TikTok cin amana ne, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana sirrinsa, kuma makarantu suna kora a kai.

Gobe da safe ki je babban asibitin gwamnati mafi kusa da ku da takardar makarantar a hannu, ki yanki kati, ki ce gwajin shiga makaranta kika zo yi. A fara ɗibar jini. In sakamakon ciwon hanta ya fito babu, ki karɓi allurar farko a ranar, ki tabbata an rubuta kwanan wata da lambar kwalbar a katinki, a kuma rubuta ranar ta biyu da ta uku. Ki ɗauki hoton katin da duk sakamakon, ki ba makaranta kwafi, ki riƙe na asali a wajenki, don za a sake tambayarki su ranar neman aiki. In kuma ya fito akwai, kada ki yi allurar, ki nemi a tura ki wajen likitan hanta, sannan ki sake rubuto mini mu duba yadda za ki tunkari makarantar.